Na'urar Faifai a Ƙasar Gobir: Abin Dubawa Kafin Saye, Abin Yi Idan Ta Ƙi

 

  Iyayena da yayyena da ƙannena da kuka taso daga Isa da Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle, sannunku da hanya, domin duk mun san abin da hanya ta zama a wannan zamani. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Da aka ce in zo in yi magana a kan na'urar kallon faifai, wani ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, wa ke sayen DVD yau? Ai fim ya koma waya." Ban yi masa gardama ba, sai dai na tuna masa watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. A makonnin nan wayar da muke tinƙaho da ita ta koma fitila da agogo, sai fa wanda ya laluba ya kamo layin Nijar. Ni kuwa a teburina na gyara ban taɓa ganin cinkoson na'urorin faifai irin na lokacin ba. An zaro su daga ƙarƙashin gado da saman durowa, wasu da saƙar gizo-gizo a ciki, wata har da ƙwan ƙadangare. Kowa maganarsa ɗaya: yara sun ishe shi, dare ya yi tsawo, ba a fita. Faifai ba ya neman sabis, ba ya cin data. Wannan kaɗai ya isa dalilin zamanmu na yau.

Manya a nan sun san da kaset muka fara. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kuma daga nan harkar fim ɗin Hausa na bidiyo ta kama hanya. Zamanin finafinan Sangaya da Wasila duk kaset ne, mai tsada, mai cin zare. Sai faifai ya shigo a shekarun 2000, da shi da 'yan ƙananan na'urorin China masu araha, kaya suka riƙa tasowa daga kasuwar Ƙofar Wambai su bi ta Gusau da Ƙauran Namoda da Shinkafi su iso Isa da nan Sabon Birni, wasu su tsallaka Maraɗi da Tibiri. Har yau tsofaffinmu "kaset" suke ce wa faifan, sunan ya bi shi. Daga baya masu tura fim a memori suka cinye kasuwar, aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka mamaye idon jama'a ta YouTube da talabijin. Ku lura da abu ɗaya a cikin wannan tarihin, don shi ne ginshiƙin maganata: masana'antar Kano daga DVD ta yi tsalle ta faɗa memori da intanet. Ba ta bi ta kan Blu-ray ba.

To mene ne Blu-ray ɗin, kuma me ake nufi da HD da ake rubutawa a kowane kwali?

Hoton da kuke gani a talabijin ɗigo-ɗigo ne, kamar ɗinkin hula. Hular da aka yi wa ɗinki ƙanana masu yawa zanenta ya fi fitowa a kan wadda aka yi wa manya jefi-jefi. Faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato ɗigo dubu ɗari da 'yan kai. Yana ɗaukar abin da bai wuce minti 80 ba, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu. DVD, da ya fara fita a Japan a 1996, ɗigo 720 ne sau 576 a tsarinmu, jimla 414,720. Blu-ray ya fito a 2006 da ɗigo 1920 sau 1080, jimla 2,073,600. Wanda ya iya lissafi ya buga ya gani: ninkin DVD biyar cif. Wannan shi ne cikakken HD. Sai kuma wanda ake kira 4K, da faifansa ya fito a 2016, ɗigo sama da miliyan takwas.

Dukkansu faɗinsu ɗaya, santimita 12, kaurinsu ɗaya. Bambancin yana ga idon da ke karanta su. Rubutun faifai wasu ƙananan ramuka ne da aka jera a layi guda mai zagaye, daga tsakiya zuwa baki, kamar naɗin faifan kaba da matanmu ke saƙawa, kuma hasken leza ne ke bin layin. CD ana karanta shi da hasken da ido ba ya gani sosai, mai tsawon zango nanomita 780. DVD da jan haske, 650. Blu-ray da shuɗi mai ratsin shunayya, 405, kuma daga nan ya samo sunansa. Gwargwadon gajartar zangon, gwargwadon tsinin hasken, gwargwadon ƙanƙantar ramukan da zai iya gani. Shi ya sa CD ke ɗaukar mega 700, DVD giga 4.7 ko 8.5 idan mai hawa biyu ne, Blu-ray kuma giga 25 ko 50. Jan ido ba zai taɓa karanta rubutun shuɗin ido ba, ko da mai shago ya rantse da kabarin kakansa. Amma na'urar Blu-ray tana karanta DVD, don an sa mata ido fiye da ɗaya.

Yanzu ku ɗauko faifan nan da ake sayarwa a tasha cikin leda, an zana masa shuɗiyar alama an rubuta Blu-ray, an ce finafinai ashirin ne a ciki. Ka kai gida ka sa a tsohuwar DVD ɗinka, ta karanta. Karantawar da ta yi ita ce shaidar cewa ba Blu-ray ba ne. DVD ne na giga 4.7 aka raba wa finafinai ashirin, kowanne ya tashi da mega ɗari biyu da 'yan kai, ƙasa da rabon da fim ke samu a VCD. Mudun gero ɗaya ne aka dama wa baƙi ashirin. Shi ya sa idan jarumin Indiya ya fara faɗa, ko aka shiga rawa, sai fuskoki su farfashe su koma gida-gida kamar daran dara. Mutane da yawa sun kawo mini na'ura lafiyayya sun ce hotonta ya lalace, alhali faifan ne ba shi da abin da zai bayar.

Irin wannan wayon ne kuma a kan kwalin na'urar. Za ka ga DVD an rubuta mata Full HD 1080p da manyan baƙaƙe. Ba ƙarya tsagwaronta ba ce, amma ba gaskiya ba ce. Abin da take yi shi ne ta ɗauki ɗigo dubu ɗari huɗun nan ta baza su su cika gurbin miliyan biyu, ta cike tsakani da kintace. An ƙara wa fura ruwa, ƙwarya ta cika, gero bai ƙaru ba. Ban ce ba shi da amfani ba. Na'ura mai kyau tana iya gyara gefen hoto ya yi sumul. Amma abin da ba a ɗauka a faifai ba, babu injin da zai haifo shi.

Kuma ko an sami Blu-ray na gaske, sai hoton ya bi ta waya ya shiga talabijin. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. Rawayan shi ne hoto, kuma iyakarsa ke nan tun zamanin kaset. Sai da wayar HDMI. A nan ma kada a cuce ku da mai kan zinariya: a tazarar taku biyu ko uku, mai araha lafiyayya da mai tsada hoto ɗaya suke bayarwa. Sannan talabijin. Yawancin filasma masu inci 32 da ke ɗakunanmu ɗigonsu 1366 ne sau 768, ba su kai cikakken HD ba. In kuma kana zaune a kan tabarma can ƙarshen ɗaki, yara goma a gabanka, idonka ba zai raba maka DVD mai kyau da Blu-ray a kan inci 32 ba. Sai talabijin ya kai inci arba'in da wani abu zuwa sama bambancin ke fitowa fili.

Saboda haka idan magidanci ya zo ya ce mini, "Malam, wacce zan saya?" ba na fara tambayarsa kuɗinsa. Cewa nake, me ke cikin durowarka? In faya-fayan Kano ne, da Indiya-Hausa, da tafsirin azumi, da bikin ƙanwarka, to DVD mai ramin HDMI da ramin filash ta ishe ka, ka riƙe sauran kuɗinka ka sayi abin kare wuta. Blu-ray ta wanda yake da mai aiko masa da faifan ce, ɗa a Turai ko ɗan'uwa a Saudiyya, kuma yake da babban talabijin. Sayen ta ba tare da faifanta ba kamar sayen sirdi ne babu doki.

Wanda kuma ya dage sai ita, to ya san kasuwarta tana ja da baya. Tun farko an yi yaƙi a kanta: kamfanin Toshiba ya fito da nasa faifan mai suna HD DVD, ya fafata da ɓangaren Sony, har ya sallama a watan Fabrairu na 2008. In kun ga na'ura a kayan gwanjo an rubuta HD DVD, ku bar ta, ba a buga faifanta kuma. Oppo, da masana ke yabo, ya daina ƙera na'urorin a 2018. Samsung ya bi baya a 2019, LG a ƙarshen 2024. Manyan da suka rage su ne Sony da Panasonic. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce yawancin abin da zai iso hannunmu na hannu ne, ɗan Kwatano, kuma kayan gyaransa sai an cire daga gawar wata.

Kayan hannu kuwa suna zuwa da halin ƙasar da suka fito. Mu nan bakin iyaka muna samun na Faransa ta Maraɗi da Ƙonni. Za ku gane su da wani faffaɗan rami a baya mai haƙora 21, da rubutun Faransanci a allo. Wutarsu irin tamu ce, ba matsala. Na Amurka ne abin tsoro: wutarsu 120 ce, tamu 230. Na Japan 100. Kafin ka soka, juya bayanta ka karanta 'yar takardar da aka manna. In ka ga 110 zuwa 240, bismillah. In 120 kaɗai ka gani, ka soka ta a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji sai wari. Na karɓi irin wannan daga hannun wani ango kwana biyu da tarewa, kyautar abokinsa ce, ko fim ɗaya ba ta nuna ba.

Sai maganar shiyya. Masu finafinai sun raba duniya don kada faifan wata ƙasa ya yi aiki a wata. A DVD, Amurka shiyya ta 1 ce, Turai da Saudiyya da Japan ta 2, mu da Indiya ta 5. A Blu-ray kuma haruffa ne: Amurka A, mu da Turai da Saudiyya B, Indiya da China C. Kun ga abin dariya: a DVD mu da Indiya gida ɗaya, a Blu-ray an raba mu; a Blu-ray mu da Makka gida ɗaya, a DVD an raba mu. Na'urorin China masu araha ba ruwansu da wannan, komai aka ba su ci suke yi, kuma faya-fayan Kano da na turi ba su da kulle. Masu manyan sunaye ne ke da tsirfa. In alhaji ya dawo da faifan asali daga Saudiyya na'urarka ta rubuta maganar region, lafiyarta ƙalau, biza ce ba ta ba shi ba. Faifan 4K shi ba shi da shiyya.

Samari za su ce, ai gem ɗinmu na yi. Gaskiya ne. PlayStation 3 tun fitowarta a 2006 tana karanta Blu-ray, kuma ita ce ta taimaki Sony ya ci wancan yaƙin. PlayStation 4 ma tana yi, sai dai tana son a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara nuna faifan fim, kuma ba ta karanta CD, balle VCD ɗinmu. Babbar illarsu wuta. Na'urar faifai zalla wat goma zuwa ashirin take ci, gem kuwa ya ninka haka sau da yawa. Mai janareta ba zai ji ba. Mai sola da batir ɗaya zai ji kafin fim ya kai rabi.

In ka je saye, kada ka yarda da faifan mai shago, ya san wanda take so. Tafi da naka: tsohon VCD guda, DVD na turi guda, na asali guda in kana da shi, da filash ɗinka. Ka sa ta yi aiki rabin awa kuna hira, domin idon da ya gaji yana karatu da sanyi, sai ya ɗau zafi yake nuna halinsa. Ka duba kan kusoshi ko sukuddireba ta cinye su. Kuma kada ka karɓe ta ba rimot ɗinta na asali, don rabin saitinta ba a isa gare shi sai da shi.

Mu dawo ga gyara, inda na fi wayo.

A littafin yawancin na'urorin nan an rubuta cewa su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya rubuta bai taɓa kwana a Sabon Birni cikin watan Afrilu ba, lokacin da inuwa ma ke haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano. Sannan uwargida, don ƙauna, ta saƙa mata kyakkyawan mayafi ta lulluɓe ta, ta ɗora dikoda a kai, ta tura su cikin shokes mai gilashi. Iyayena mata, ku yi haƙuri, mayafin nan yana da amfani amma sai an kashe ta. Tana aiki a yaye shi. Na'urar da ke fara fim lafiya, bayan minti arba'in ta riƙa sarƙewa, ku taɓa samanta kafin ku zo wurina. Sau da yawa maganinta ƙananan katako biyu ne a ƙarƙashi, iska ta ratsa.

Ciwon da ya fi kawo mutane shi ne ta juya, ta juya, ta rubuta No Disc. A nan akwai tsari, kada a fara da kwance ta. Fara da faifan: juya shi ka duba a haske. Yatsan da ya ci ƙuli-ƙuli ya isa ya makantar da shi, musamman Blu-ray, wanda rubutunsa ke kashi ɗaya cikin goma na milimita daga fatar faifan. Wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, ka goge da tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye. Ga dalili: na ce muku rubutun layi ne mai zagaye. Ƙarzuwar da ta gitta layin ɗan kaɗan take ci a kowane zagaye, kuma na'urar tana da lissafin cike wannan. Wadda ta bi layin kuwa dogon zance take shafewa. Fetur da kananzir da ake gogawa cin robar suke yi. Kuma a CD da VCD bayan da aka yi wa zane ya fi cikin haɗari, don rubutun yana dab da fentin. Mai rubuta sunansa da biro a kai da hannunsa yake kashe shi.

In faifan lafiya, gwada wani iri. Tana karanta VCD ta ƙi DVD? Tana karanta DVD ta ƙi Blu-ray? To ido ɗaya ne ya mutu, ɗayan na nan. In duk ta ƙi, sai a zargi ƙura. Hazon hunturu da ke sauko mana daga Sahara laushinsa ya fi na garin tuwo, ba ramin da ba ya shiga, kuma idon na'ura bai kai ƙwayar gero biyu ba. Cire ta daga wuta, buɗe murfin, sami auduga a tsinke da ɗigon sifirit, ka shafa a hankali kamar mai share wa jariri kwantsa, don idon a kan wasu siraran wayoyi yake lilo. Ka bari ya bushe. Kada ka kunna ta a buɗe ka leƙa hasken. Naka idon ba a sayar da shi a Kano. Wani lokaci kuma ba ido ba ne, ƙaramar motar da ke juya faifan ce ta gaji. Alamarta faifan ya yi yunƙuri ya tsaya, in an ɗan tura shi da yatsa ya tashi. Wannan canji ne mai sauƙi.

Zan tona asirin 'yan'uwana masu gyara, su yafe mini. A jikin idon akwai wani ɗan ƙaramin abin murɗawa da ke ƙara ƙarfin hasken. In ido ya gaji, wani sai ya murɗa shi, na'ura ta karanta nan take, ka biya ka tafi kana sa albarka. Bulala ce aka ƙara wa jakin da ya gaji. Zai kai ka gida yau, bayan 'yan makonni ya kwanta gaba ɗaya. In mai gyara ya gaya maka gaskiya cewa lallaɓawa ce kafin a samo sabon ido, ba laifi. In ya karɓi kuɗin sabo, ya ci haram.

Tiren da ya ƙi fitowa, kana jin mota na kuka a ciki, ɗan bel ne na roba da zafi ya saki. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Kada a sa wuƙa a ɓanɓare, haƙoran roba ne a ciki. Wadda kuma ta ƙi kamawa sam, ko fitilarta ke ƙyaftawa, yawanci ɓangaren wuta ne: fis, ko kafasito da suka kumbura. Wannan kam a kawo mana. Babban kafasiton yana riƙe wuta sama da 300 ko bayan an zare soket, na ga ya jefar da ƙato daga kan benci.

Abin da ke kashe ɓangaren wutar kuwa kun san shi. Ƙaramin janareta lokacin tashinsa da lokacin da mai ke ƙare masa, sa'ad da yake shaƙewa yana ƙugi, wutarsa hawa da sauka take yi. Ka tayar da shi, ya daidaita, sannan ka soka kaya. Ka zare su kafin ka kashe shi. Haka in an kawo wuta, a bari ta zauna tukuna. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ta gabas, zare soket bai isa ba. Tsawa tana bin wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta ƙone ramin talabijin da na na'urar faifai a tare. A zare har wayar dish ɗin.

Akwai kuma cututtukan da ba cututtuka ba ne, saiti ne. Hoto ya koma fari da baƙi ko yana birgima: faifan ko na'urar na kan tsarin Amurka, NTSC, talabijin ɗinka na son PAL, ko kuma an soka rawayan kai a koren rami. Hoto na fita babu murya ta HDMI: shiga saitin sauti ka mayar da shi PCM, don ƙananan talabijin da yawa ba sa fassara sautin DTS. Allo ya yi baƙi ƙirin bayan yaro ya yi wasa da rimot: ya zaɓi girman hoton da talabijin ba ya ɗauka, sai a mayar da ita saitin kamfani. Fim ya ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya a tsakiya ya ci gaba: faifai mai hawa biyu ne, ido ke sauya hawa. Rimot kuma, ka auna kansa ga kyamarar waya ka danna; in ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allon wayar, yana da rai.

Biyu daga cikin irin waɗannan cututtukan sun keɓanta da Blu-ray. Na farko, sabon faifan asali ya ƙi tsohuwar na'ura, domin masu finafinai suna sauya makullan tsaronsu, sai an sabunta manhajar cikinta, ta intanet ko ta filash. In za a yi, a yi da batir ko sola mai ƙarfi, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, na'urar ta zama dutse. Bayan wannan ban ga dalilin barin ta a kan intanet ba. A watan Yuni na 2020 na'urorin Blu-ray na Samsung a ƙasashe da dama suka kama kunna kansu suna kashewa ba tsayawa, saboda wani gurɓataccen fayil da suka ɗauko ta intanet, sai da aka riƙa mayar da su wurin gyara. Waɗanda ba a taɓa haɗa su da intanet ba ba abin da ya same su. Na biyu, kana kallon kwafin wani fim na Amurka, bayan kamar minti ashirin murya ta ɗauke, rubutu ya fito da sunan Cinavia. Wani tambari ne da aka ɓoye a cikin sautin fim, kuma tun 2012 aka wajabta wa na'urorin Blu-ray su riƙa sauraronsa. Ta gane kwafi ne ta yi shiru. Ba mai gyaran da zai warkar da wannan, kada ka ba kowa kuɗinka.

Ramin filash shi ne ya fi jawo mini zagi. Mutum ya je wurin masu turi an cika masa memori, a waya yana gani, ya soka a DVD ta ce ba ta san zancen ba. Ƙwaƙwalwar DVD mai araha an gina ta ne a kan hoton da faɗinsa bai wuce ɗigo 720 ba, da tsofaffin nau'o'in fayil irin AVI. Fim ɗin HD na MP4 ko MKV ya fi ƙarfinta. Ko Blu-ray ɗin ma, tsofaffin suna karanta tsarin matse hoto na H.264 amma ba sa gane sabon, H.265, wanda masu turi ke so don ba ya cin wuri. Sannan filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Kafin ka yi fushi, soka filash ɗin a jikin talabijin kai tsaye. Sau da yawa filasmar ta fi na'urar ilimi, kuma nan ne ma mafi yawanmu za su fara ganin HD na gaskiya, ba ta faifai ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi damuna. Faya-fayan da aka buga a masana'anta cikinsu fari ne kamar azurfa, suna daɗewa. Waɗanda aka tura a shago, masu ciki shunayya ko kore-kore, rini ne aka ƙona da haske, kuma rana da zafi suna kashe rini kamar yadda suke kashe atamfa. A irinsu ne aka zuba bukukuwanmu, da saukar karatun 'ya'yanmu, da hawan salla, da kokawa da dambe na bayan girbi, da fuskokin mutanen da yau ba su, da garuruwan da yau an watse an bar su. Waɗannan ba sa YouTube. Muryar Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ta iso kunnen jikokinmu ne don an naɗe ta, aka kuma yi ta kwashe ta daga wannan mazubi zuwa wancan, kaset zuwa faifai, faifai zuwa memori, kafin kowanne ya mutu. Duk mai irin wannan faifan ya kai shi wurin mai kwamfutar da ke da ramin faifai tun yana karantuwa, a kwafe masa a wuri biyu, ɗaya a ajiye a wani gida daban. Sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ramin.

Na ga wasu sun zo da nasu a buhu. Baba na can baya, naka ne mai tiren da ya maƙale? A miƙo shi nan gaba, da shi za mu fara. Wani yaro ya taimaka mini da fitilar waya, a kuma matso da teburin kusa da taga.